Yadda Burtali Ya Kai Ni Gidan Yari

Ku 'yan samarin nan da kuke wucewa ta gaban rumfata kuna cewa "Baba mai faci, ya aiki," ku sani ni ma na taɓa zama mutum. Direba ne ni, kuma ba na banza ba. A aji huɗu na bar makaranta, saboda haka in kun ga rubutuna yana ɗingishi ku yi masa uzuri, ubangidansa ma haka yake tafiya. Abin da na iya shi ne jan mota. Ina da wata tsohuwar a-kori-kura da na saya a Kano, bakanike ya ɗaura mata ƙarfe a baya ta koma janwe, wato motar jan matattun motoci. Goggo nake kiranta, domin ba ta tashi da safe sai an lallashe ta, in ta tashi kuma sai unguwa duka ta ji tarinta.

A wancan lokaci, daga Kazaure har Babura, in mota ta mutu a hanya ni ake nema. Sana'ar nan kuwa ba ƙarfin inji ake sayarwa a cikinta ba, amana ce. Mutum zai ɗaura abin da ya fi komai daraja a gidansa a bayan motarka, ya ce maka bismilla. Ba ni da gona, ba ni da shago. Sunan da na yi a gari shi ne jarina, kuma shi na ɗauka na yi caca da shi.

Abin ya faro ne daga ƙaramin abu. Takardun Goggo suka ƙare, na ce sai bayan salla. Salla ta wuce na ce sai kaka. Birkinta kuma ya fara wasa, sai na taka sau uku yake amsawa, kamar kurman tsoho. Na san in 'yan sanda suka tsayar da ni a shinge suka duba, ba za su bar ni in ja motar wani da wannan birki ba. A tasha ina zagin su ina cewa takura ce kawai. A zuciyata na san suna da gaskiya.

Wata rana ina janyo motar wani mai albasa daga Babura, sai wani direba da ke zuwa ta gaba ya ƙifta min fitila ya nuna ƙasa da yatsa. Duk direba ya san wannan, ana bincike a gaba. Na duba hagu sai ga burtali, hanyar shanu, ya ratsa tsakanin gonaki. Rani ne, ƙasa a bushe. Na karya sitiyari na shiga. Mai albasa yana bayana a cikin motarsa yana ta salati yana danna hon, ni kuwa ban saurara ba sai da muka fito kan kwalta can gaba da shingen. Na yi dariya har da hawaye. Da a ranar ƙaya ta fasa min taya, da Allah ya yi min gata.

Daga nan na zama ɗalibin burtali. Abin da ban yi wa boko ba shi na yi masa. In na ga Bafulatani a kasuwar Roni sai in sayi nono in zauna, in yi ta tambayarsa inda burtali kaza ya bi ya ɓulla, yana tsammanin sha'awar shanu nake yi. Cikin shekara biyu babu wata hanyar shanu tsakanin Kazaure da Roni da Gwiwa da ban san bakinta da gindinta ba. Shekara shida ɗan sanda bai ga fuskata a shinge ba.

Sai dai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mai shayin bakin tasha in ya ce, yau ina aka nufa, sai in ce wannan ɗan rahoto ne, na daina shan shayinsa. Ɗan ƙanwar mai ɗakina ya shiga aikin ɗan sanda, na daina zuwa gidansu, ko suna aka yi sai in ce ciwon baya. Ita kanta mai ɗakin nawa, ranar da ta tambaye ni me ya sa kullum Goggo ke dawowa da ƙaya da kashin shanu a tayoyi, kwana biyu na yi ina kallonta ta wutsiyar ido, ina lissafin wa ya aiko ta. Kowa na zarga a garin nan. Mutum ɗaya ne ban zarga ba, shi ne kuwa ya kamata.

Ya zo min da farar shadda da carbi, ya ce sunansa Alhaji Sabo, dillalin motoci. Har yau ban san sunansa na gaskiya ba. Ya ce an ba shi labarina, an ce ni ba na son hayaniyar hanya, shi ma haka yake. Yana da mota da ta mutu a kusa da kasuwa, yana so a kai ta wani gareji a bayan Gwiwa, amma ta cikin daji.

To ku tsaya in koya muku wani ilimi da ba a bayarwa a jami'a. Mai mota na gaskiya, in motarsa ta mutu, sai ya ishe ka da labari. Zai gaya maka ƙarar da ta fara yi tun ranar Talata, da bakaniken da ya cuce shi, da abin da matarsa ta ce. In kana ɗaura sarƙa yana kanka yana cewa a hankali, a hankali, kar ka kankare fenti. Kuma ba zai taɓa roƙonka ka bi da ita ta daji ba. Alhaji Sabo kuwa da na tambaye shi me ya same ta, sai ya ce, ta dai ƙi tashi. Na leƙa ciki na ga robar ƙarƙashin sitiyari a fashe. Na ce ina makulli, ya ce yana wurin yaronsa a Kano. Na gane. Kada wani ya gaya muku yaudarata aka yi. A minti ɗaya na gane, sai na ɗauke kai na ci gaba da ɗaura sarƙa, na ce wa zuciyata ni ja aka ce in yi, ba tambaya ba.

Dabarar tasa kuwa ita ce, irin motocin yanzu ba sa tashi in babu makullinsu, saboda haka sai a ja su. Da rana tsaka muke yi, a gaban kowa. Zai buɗe bonet ya tsaya yana girgiza kai, ya karyo ganye ya ajiye a bayan motar kamar yadda ake yi in mota ta lalace. Ni kuma in zo da Goggo. Mutane suna ganina sai hankalinsu ya kwanta, ai wane ne, sun san ni. Har taya mu turawa suke yi suna cewa Allah ya kyauta, Alhaji. Ashe ba Goggo ya yi haya ba, fuskata ya yi haya.

Sau huɗu muka yi lafiya, dukkansu a lokacin rani. Na biyar ya faɗo cikin damina, gero ya yi kai. Wata jar mota ce ƙarama, mai tsabta, an shimfiɗa darduma a kujerar baya. Kamar na taɓa ganinta, amma na hana kaina tunawa. Na ce wa Alhaji Sabo burtali da damina ba kamar na rani ba ne. Ya ce in ina tsoro in faɗa masa ya nemi namiji. Da wannan magana ɗaya ya ja ni, ni da nake jan motoci.

Abin da na manta, ni da nake ganin na fi kowa sanin daji, shi ne da damina burtali ramewa yake yi. Kowane manomi sai ya ɗan ci burtalin da kunyar shuka ɗaya ko biyu daga gefensa. Inda Goggo ke wucewa a sake da rani, yanzu da ƙyar saniya biyu za su jera. Mun wuce Roni da kaɗan muka zo wata gangara mai laka. Na taka birki sau ɗaya, sau biyu, kafin na uku jar motar ta zame ta yi gefe, ta shiga gonar gyaɗa ta kwantar da kunya wajen goma, ta tsaya cikin geron da ke maƙwabtaka.

Mai gonar yana ciki, wani dattijo siriri da fartanya a kafaɗa. Bai yi ihu ba. Ya zo ya tsaya a gaban Goggo ya yi min sallama, na amsa. Na ce Baba a yi haƙuri, a faɗi abin da za a ba ka mu wuce. Ya ce ba haka ake yi ba a nan. In dabba ta yi ɓarna ba a sakinta sai dagaci ya zo ya gani da idonsa, ya kuma san mai ita. Na ce ai wannan ba dabba ba ce. Ya ce ta burtali ta zo ko ba ta nan ta zo ba? Ta ci gona ko ba ta ci ba? Ya sa aka kawo igiya aka ɗaure ƙarfen gaban Goggo a jikin wata bishiyar kanya, kamar bijimi.

Kafin ka ce me, manoma sun taru. Ardon rugar da ke kusa ma ya zo da sandarsa, yana murmushin da ban taɓa gani a fuskar mutum ba. Ya ce shekara da shekaru duk ɓarnar da aka yi a wurin nan shanunsa ake ɗora wa, yau ga wata saniya mai taya huɗu an kama, ba zai tafi ba sai ya ga hukuncinta.

Alhaji Sabo ya fito daga jar motar yana gyara hula. Ya gaisa da kowa hannu bibbiyu, ya ce lallai al'adar nan mai kyau ce, a jira dagaci. Sannan ya ce ko akwai mai buta, zai ɗan kama ruwa kafin la'asar. Mai gonar da kansa ya miƙa masa tasa. Ya shiga cikin gero. Har yau da nake rubutun nan bai gama kama ruwan ba, butar ma ba ta dawo ba.

Dagaci ya zo a kan babur, ya zaga ya duba gyaɗa, ya duba gero, sannan ya dube ni.

"Motar wa ce?"

"Ranka ya daɗe, ta Alhaji ce."

"Wane Alhajin? Ɗan gidan wa? A wace unguwa yake?"

Na ce Alhaji Sabo kawai na sani. Ya ce ina makulli, ina takardunta, ina takardun tawa. Ya ce kuma me ya hana mu bin kwalta, ga ta can ana jin ƙarar motoci. Duk tambayoyin da na yi shekara shida ina gudu, sai ga su a bakin mutum ɗaya a tsakiyar gonar gyaɗa, babu shinge babu kaki. Ya ciro waya ya kira caji ofis.

'Yan sanda suka zo, ashe tun azahar an kai musu rahoton motar. Ba a jima ba suka kawo mai ita a bayan babur. Ina ganinsa na so ƙasa ta tsage. Wani tsohon hedimasta ne na unguwarmu a Kazaure, wanda muke sahu ɗaya da shi a masallaci. Da kuɗin sallamarsa daga aiki ya sayi motar. Ya ciro makulli daga aljihu ya danna daga nesa, motar ta ƙifta fitilu ta yi ɗan kuka, kamar akuya ta ji muryar mai ita. Ya shiga ya murɗa, ta tashi tashi ɗaya. Lafiyarta ƙalau.

Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Ya dube ni ya ce, "Malam, kai ne? Wallahi da na fito ban gan ta ba, gidanka na fara zuwa, don in roƙe ka ka sa min ido, tunda kai ka san hanyoyi."

A kotu na ce ban sani ba, ja kawai aka ce in yi. Alƙali ya tambaye ni shekara nawa ina wannan sana'a, na faɗa. Ya ce to mai waɗannan shekaru da bai san motar sata ba ya fi ɓarawo haɗari. Aka kuma tono sauran huɗun. Shekara uku aka ba ni.

Ba zan ba ku labarin gidan yari ba, kada wani cikinku ya ce zai je ya tabbatar. Abin da zan faɗa shi ne a can na yi salla ta farko da ba na waige. Mai ɗakina tana zuwa da ƙuli-ƙuli da gari, wanda ke rako ta kuwa ɗan sandan nan ne ɗan ƙanwarta, da na ƙaurace wa. Na roƙi gafarar Allah, na aika aka roƙar min hedimasta, ya ce ya yafe duniya da lahira. Sauran mutum huɗun, biyu ba a taɓa samo motocinsu ba. Wannan nauyi yana wuyana, kuma ba na yin wasa da shi.

Da na fito an karɓe ni, babu wanda ya goranta min. Ana gaishe ni, ana ba ni wuri a tabarma. Amma ba a sake ba ni amanar ko keke ba. Na koyi faci na kafa rumfa a bakin hanya. Mai babur in ya kawo taya, sai ya zare makulli ya sa a aljihu, ya zauna a kan benci yana kallon hannuna har in gama. In ya ce zai je salla sai ya waiwayo sau biyu. Ba na jin haushi. Da ni ne shi, da a kan babur ɗin zan yi sallar.

Saboda haka ku masu a-daidaita da masu acaɓa da masu mafarkin sayen tsohuwar mota, ku ji daga bakin wanda ya je ya dawo. Ɓarawo ba ya neman jarumi, mai gudun tambaya yake nema, kuma yana gane shi daga nesa. Ku sabunta takardunku, ku gyara birki tun yana amsawa a taku na biyu. Wanda ya ce ku ja masa kaya ta bayan gari, ku tambaye shi sunan ubansa da unguwarsu. In kun hango shinge ku tsaya, ko da za a shanya ku. Tsayuwar minti goma a rana ta fi zaman shekara uku a inuwa. Na gwada duka biyun.