Jan da Bature Ya Kira Bagandi

Shekarar da yanar ido ta rufe wa mahaifina gani, aiki ya fara ƙaurace wa gidanmu. Baduku ne, duk Kusada an san hannunsa a rinin fata, amma da aka ji ba ya gani sai mutane suka koma kai aikinsu Kankia. Ni kuwa, ga ni da aure har gemu ya fara tsiro, ba wanda ya ɗauke ni a bakin komai. Shi kansa tsohon bai taɓa barina na haɗa rini ni kaɗai ba. Abin yana ci mini rai, kuma ina tsoron sana'ar ta mutu a hannuna.

Ana nan sai Baturen da ke duba shanu ya sauka a barikin Kankia, ya aiko a kira masa badukun Kusada da ya ji labarinsa. Tsoho ba zai iya tafiyar ba, dole na je.

Jaka yake so ta zuba takardu. Kukunsa, wani dattijo mai son a san ya ji Turanci, shi ne tafinta. Ya ce Bature yana son launin bagandi. Na ce ban san shi ba. Kuku ya gyara tsayuwa ya yi mini karatu: Bagandi sunan wani yanki ne a ƙasar Faransa, can ake matse wata jar giya ta inabi, giyar ta ci sunan yankin, Ingilishi kuma suka ara suna kiran duk ja mai duhu da shi, ko a riga ko a takalmi. Na ce a raina, Faransan da muka sani a Maraɗi ashe har launi suke rabawa.

Bature ya ga ban gane ba, sai ya tsiyaya giyar a kofin gilashi ya ɗaga ta saitin rana. Ban taɓa ganin ja irin wannan ba, a gefe yana haske, a tsakiya ya kusa zama baƙi. Ya ɗauko ƙyalle zai jiƙa mini in tafi da shi. Na ja da baya.

"Gaya mashi ba ni shiga da wanga abu gidan ubana," na ce wa kuku.

"To da mi za ka gwada, samari?"

"Da ido."

Na faɗa ne da zafin kai, ban kai bakin gari ba na fara nadama. Duk tsawon hanya ina ƙin kallon jan abu don kada ya goge mini wanda na ɗauko. Har wata mai tallar nono da jan mayafi na kauce wa, ta bi ni da harara.

Da na isa gida na kwashe labari na gaya wa tsoho. Ya ce, "Kwatanta mani." Na yi ta kame-kame. Na ce ya fi goro duhu, bai kai jinin da ya kwana ba. Muna cikin haka matata ta kawo mana zoɓo a ƙwarya, ta dafa shi da kauri yadda tsoho yake so. Na leƙa ƙwaryar, na fita da ita rana. Wallahi shi ne. Na yi dariya har matata ta zaci wani abu ya faɗa ciki.

Washegari na daka karan dafi na jiƙa da ruwan toka. Ya ba da jan da muka saba, mai ihu. Tsoho yana zaune a gefe yana sauraren motsina. Ya ce in ɗiga kuloko, baƙin rinin da muke yi da kashin maƙera, amma da tsinke, ba da ludayi ba. Na ɓata guntayen fata da yawa. Duk wanda ya bushe sai in ajiye shi kusa da ƙwaryar zoɓo in duba. Tsoho bai yi faɗa ba ko sau ɗaya, wannan ma sabon abu ne a wurina. A rana ta uku wani guntu ya fito, na kasa raba shi da abin da ke cikin ƙwarya.

Da wannan haɗin na rina fata na ɗinka jakar. Kafin in kai ta Kankia na miƙa wa tsoho ita. Ya shafa ɗinkin, ya sansana, ya kai ta dab da idonsa ya daɗe. Na san ba abin da yake gani, sai na ji ƙwalla ta cika mini ido.

"Ya yi?" ya tambaye ni.

"Ya yi, Baba."

"To ya yi."

Bature ya karɓa da murna, har ya sa a yi masa ta biyu. Amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Ranar kasuwa wani makiyayi daga Mawashi ya yi sallama da kuben takobi a hannu, ya durƙusa gaban tsoho yana bayanin irin jan da yake so. Tsoho ya bari ya gama, sannan ya nuna inda ya ji numfashina.

"Ni ban san launi ba yanzu," ya ce. "Ga mai idon gidan nan, yi magana da shi."