Kwaɗon da ya sayar da kunnuwansa

Kwana biyun nan na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna sai in miƙe, in na tada mota sai in kashe. Hankalina komawa yake yi unguwar Muchia a Zariya, bakin murhun kakata Iya Talatu, inda take suyar ƙosan yamma a ƙofar gida. Mu jikoki muna tsugune, hayaƙi na cin idanunmu, 'ya'yan maƙwabta Ibo da Yarbawa sun matso ana jiran guntaye. "Ku matso," in ji ta, "labari ya iso, bai ci abinci ba."

Wanda ya hana ni sukuni yanzu na kwaɗo ne. Wai da can kunnuwansa dogaye ne kamar na zomo, muryarsa 'yar siririya, in ana taro ba mai jinsa. Ya je wurin wata tsohuwa mai magani, ta ce akwai murya, amma kunnuwa ne kuɗinta. Ya cire ya miƙa. Daga ranar muryarsa ta cika fadama, kullum yana bisa dutse yana faɗa wa yara kada su yi nisa da ruwa, su girmama manya. Ran nan 'yarsa ta faɗa rami a bayan dutsen. Tana ta kira, shi yana ta wa'azi.

"Iya, ai gaskiya yake faɗa!" na ce.

"Wa ya ce ƙarya yake, sarkin surutu? Ishaya, bar ni in ƙarasa mana."

"To ya ciro ta?"

"Ina na sani? Ƙosaina zai ƙone."

Karatuna bai yi nisa ba, soja na shiga, inda babba ke magana ƙarami ya ƙame. Da na yi ritaya wani gidan rediyo ya ba ni fili, ina magana kan tarbiyya, masu sauraro na bugo waya. Ra'ayina na mutanen da ne, kuma ban sauya ba. Sai dai ina da hali: mai kira ya fara musu, sai in ɗaga wa mai kula da na'ura hannu, ya yanke layin.

Makon jiya ina faɗa kan 'yan matan da ke shiga aikin maza. Wata ɗaliba ta kira daga Samaru. Tun daga gaisuwa na gane muryar 'yata Rahila, wadda na hana koyon walda a Chikaji.

"Yallaɓai, a gida ba a bari in kai ƙarshen magana, shi ya sa na..."

Na ɗaga hannu. Na kuma gaya wa duk Zariya wai layi ne ya lalace. Tun ranar ba ta zo gida ba, ba ta ɗaukar wayata.

Da ina ɗauka Iya mantawa ta yi da ƙarshen labarin. Yanzu ina ganin ta san ba a bakin murhu ake ƙarasa shi ba. Jiya na je shagon waldan na Chikaji, na yi ta kai da kawowa a tsallaken titi kafin na haye. Rahila ta ɗage gilashin walda daga fuskarta, ba ta ajiye ƙarfen ba.

"Baba, lafiya?"

"Ƙarasa maganarki," na ce.

"Doguwa ce fa."

Na jawo wani tsohon benci na zauna.