Fom Ɗin Da Babu Gurbin Azumi

Har gobe ba zan manta da ranar da na sallami Malam Isiyaku ba, saura kwana uku a fara azumi. Bakanike ne a Apo, mai ciwon nan da ke ɗaga mutum ya ƙi barci ya yi ta surutu, sannan ya kayar da shi cikin baƙin ciki. Ni kuwa lokacin babbar nas ce a sashen masu taɓin ƙwaƙwalwa.

Wata biyu ya yi a wajenmu, likita ya ɗora shi a kan litiyam, ya kuma samu sauƙi sosai. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan ku sani, wannan magani ba ya shiri da ƙishirwa. Ruwa ya yi ƙaranci a jiki, sai ya taru a jini ya zama guba.

Kafin sallama nas ke cike fom na tsarin kulawa: awon jini, lokacin shan magani, wanda zai sa ido a gida, har da tambayar ko yana shan giya. Na cike tsaf, likita ya sa hannu, muna ta hirar tsadar dabino. Mu uku a ɗakin, ni da likita da Malam Isiyaku, duk masu shirin azumi ne, amma babu wanda ya ambace shi, saboda fom bai tambaya ba.

Ranar sha biyu ga azumi wansa ya kawo shi ranga-ranga, yana amai, hannu na karkarwa, harshe ya yi nauyi. Yini yake yi ƙarƙashin mota cikin rana, bakinsa a bushe.

Da ya farfaɗo ya ce mini, "Sista, wallahi ban tsallake ko ɗaya ba. Ɗaya da sahur, ɗaya da buɗa-baki."

Kwamitin bincike na asibiti ya zauna. Shugabarmu ta buɗe fayil ta ce, "Kin cike kowane gurbi?"

Na ce, "Na cike, Ma. Amma ban tambaye shi azumi ba."

Ta ce, "Ina gurbinsa a fom? Babu laifin kowa, Sista. Je ki abinki."

Wannan wankewar ta fi mini zafi a kan a ce an hukunta ni. Na rubuta takarda sau uku a ƙara layi ɗaya kacal na azumi a fom, har na yi ritaya ana cewa ana dubawa.

Abin da na koya shi ne fom ɗin nan mu yake karewa. Mara lafiya kuwa ba abin da ke kare shi sai abin da bakinku ya tambaye shi. Malam Isiyaku gubar ta lalata masa ƙoda, yanzu sau biyu a mako ake yi masa wankin ƙoda, in ya gan ni kuma har godiya yake yi mini.