Zaren Tsaye a Ƙarƙashin Benen Baba

Shekaru sun ja, amma ranar da Baba ya hana ni liƙa baƙin ƙyalle a silin ɗakin Inna ba za ta taɓa fita raina ba.

Gidanmu na Zongo Baba ya gina shi da guminsa na sayar da atamfa. Wata damina sai gungumen kankaren da ke ɗauke da bene, wanda muke kira putur, ya tsage ta ƙasa a gicciye, daidai saman gadon Inna. Magina biyu suka duba, duka suka ce a rushe. Ni da na yi karatun gini na ce akwai dabara: wani ƙyalle ne na zaren kabon, ana liƙa shi da gam mai ƙarfi, ya riƙe kankare kamar ƙarfe. A takarda kawai na san shi, amma ban faɗi haka ba.

Kuskurena na farko, na kira shi da Faransanci, tisu, wato yadi.

"Tisu?" in ji Baba. "Shekara talatin ina saida tisu a kasuwar Assiyéyé, ban ga wanda ya ɗauki bene ba. Abin da aka koya maka a makarantar lekol ke nan?"

Mako uku muka yi muna wannan ja-in-ja. Aka tokare silin da ƙarafa, aka kwashe Inna zuwa falo, na yi ta goge kankare har ƙura ta toshe min maƙogwaro. Wallahi na gaji da aikin, na gaji da gardama, har gidan ma na gaji da shi.

Ranar liƙi, da hantsi, na ga ƙyallen ya fi putur faɗi. Don kada ya yi saura, sai na yanka shi gajere-gajere don in liƙa su a gicciye, na jera a tabarma. Ina shirin kwaɓa gam, wanda in an kwaɓa shi ba ya jiran kowa, Baba ya shigo. Ya ɗauki guntu ɗaya, ya murza shi tsakanin yatsu yadda yake yi wa atamfa, ya ja ta nan, ya ja ta can.

"Wannan duk zaren tsaye ne. Ta gefe ba shi da ƙarfi ko kaɗan. Yaya za ka sa shi?"

Na nuna masa, ina ƙunƙuni. Ya ɗaga kai ya dubi tsagar.

"Ashe zarenka zai bi tsagar ya kwanta kusa da ita. Kai, ka taɓa ganin tela ya ɗinke yagewa bai tsallaka ta ba?"

Na san wannan, har jarrabawa na ci a kansa, gajiya da son nuna iyawa suka shafe min shi. Da na liƙa haka, da mun cire ƙarafan mun mayar da gadon Inna ƙarƙashin abin da ba ya riƙe komai.

Abin da ya rage a naɗin ƙyallen da kyar ya kai tsawon putur. Baba ne ya auna shi da kamun hannu, ya yanka da almakashin shagonsa. Muka liƙa shi bisa tsawon putur, zaren ya tsallaka tsagar.

Inna ta ƙara shekara tara a ɗakin. Baba ya riga ta tafiya, ban kuma taɓa ce masa ya yi gaskiya ba. Tun daga lokacin, duk wanda ya taɓa kayan aikina ya yi tambaya, ko bai san ko bonjur na Faransanci ba, nakan ajiye abin da ke hannuna in saurara.