Ƙafafun Usaini a Maƙalar Dakta Mubina

Shekara goma sha bakwai Atika ta yi tana riƙe da ɗakin shan magani na wata masana'antar takalma a Sharada. Ɗaki ne guda mai gado ɗaya da kabad ɗaya, sai fankar da ƙararta ta fi iskarta yawa. Ma'aikata Sista suke ce mata, duk da karatun nata bai wuce shekara biyu a makarantar kiwon lafiya ba. Babu wanda ya kai ta sanin ƙafafun 'yan sashen gam, waɗanda ke wuni suna shafa wa tafin takalmi gam a wani dogon zaure marar taga. Da farko mutum zai zo ya ce kiyashi na yi masa yawo a tafin ƙafa. Bayan 'yan watanni silifas ya riƙa suɓuce masa bai sani ba. Daga nan sai ya daina zuwa wurinta.

A sashen gam ba a cewa an kwanta ciwo, domin wanda ya faɗa sallama ce, kujerarsa kuma ta bar gidansu ke nan. Abin da ake yi, mutum ya daure har damina ta sauka, ya ce zai je gida noma, ya damƙa wa ƙaninsa ko ɗan wansa katin aiki. Wancan ya zauna a kujerar, ya riƙa amsa sunan mai katin. Wani ya dawo da kaka, wani kuma shiru. Mai gadi ya sani, shugaban sashe ya sani, Atika ta sani. Rajistar ofis ce kaɗai ba ta da labari.

Shekara shida da suka wuce, ana tsakiyar ruwan Agusta, Dakta Mubina ta zo. Malamar jami'a ce mai binciken ƙwayoyin jijiya. Rainonsu take yi a 'yan farantai na gilashi, ta ɗiga musu sinadari ta ga yadda suke mutuwa. Wannan karon so take ta gani a jikin mutane, shi ya sa ta zo da na'urar auna gudun saƙo a jijiyar ƙafa. Tun daga bakin ƙofa Atika ta shaida ta. Benci ɗaya suka zauna a aji uku na sakandare, kuma a littafin Atika take kwafar lissafi. Mubina ta dube ta sama-sama ta ce, "Sannu Sista. Ki jero mini duk wanda ya haura shekara biyar a sashen."

Atika ta ɗauko rajista ta fara kira. "Usaini Ahmadu, shekara tara!" Sai Uba ya miƙe, ƙanin Usaini, wanda watansa uku da fara jin warin gam. Cikin mutum arba'in da aka auna a makon nan, goma sha bakwai 'yan riƙon kujera ne. Atika ce take goge musu ƙauri da auduga kafin a manna waya, ba ta ce uffan ba.

Daga baya ta sha gaya wa kanta cewa asirin talakawa ta rufa. Akwai wannan, amma ba shi ke nan ba. Ta ji daɗi ƙwarai tana kallon 'yar masu kuɗin unguwar Hotoro mai digiri uku tana rubuta ƙarya da tsadadden biro, kuma ita kaɗai a ɗakin ta san haka. Da Mubina ta ce, "Atika, ke ce?" da tun ranar farko Atika ta ja ta gefe ta gaya mata gaskiya.

Maƙalar ta fito a wata mujalla ta ƙasar waje. Abin da ta ce shi ne, gam ɗin yana kashe ƙwayar jijiya a faranti, amma ga mutanen da suka shekara tara suna shaƙarsa jijiyarsu ƙalau, don haka wannan gwargwadon ba ya cutarwa. Masu bincike a Indiya da Barazil suka yi ta kafa hujja da ita. Aka ƙara wa Mubina girma. Manaja kuwa ya adana kwafi a durowa, duk sanda ƙungiyar ma'aikata ta tayar da maganar sauya gam ko fasa taga, sai ya zaro ya ajiye a kan tebur.

Bana bayan babbar Sallah aka sauke Usaini daga adaidaita a bakin get, yana dogara sanda, yana jefa ƙafa kamar ba tasa ba. Ya zauna a gadon Atika yana dariya.

"Sista, an ce ni na fi kowa lafiyar ƙafa a Sharada. Har Turawa sun karanta."

"Wa ya gaya maka?"

"Uba mana. Na ce to a aiko mini da ƙafafun da aka auna, waɗannan sun ƙi aiki." Ya gyara sandarsa. "Ba wannan ya kawo ni ba. Jiya na ga takalminsa ya suɓuce a bakin masallaci, ya yi taku uku bai sani ba. Bayan shi ba ni da wani ƙanin da zan kawo."

Ta ba shi ƙwayoyin ƙarin jini irin waɗanda ta san ba su taɓa tayar da kowa ba. Ya yi godiya har sau biyu, abin da ya fi ɓata mata rai ke nan.

Da Agusta ta zagayo sai ga Dakta Mubina da sabuwar na'ura, za ta yi bincike na biyu a kan mutanen nan dai. Ta ajiye jaka ta ce, "Sista, kamar wancan karon."

"Ba zan jera kowa ba."

"Na'am?"

"Sunana Atika, Mubina. Rufe ƙofar nan ki zauna."

Mubina ta ƙura mata ido, can ta dafe baki. "Atika Anwar? Innalillahi, me ya hana ki yi magana tuntuni?"

"Me ya hana ki duba? Bar wannan. Me ya sa kullum a Agusta kike zuwa?"

"Lokacin nake samun sarari daga ɗalibai."

"Lokacin kuma marasa lafiyarki suke ƙauye." Ta buɗe kabad ta ɗauko wani tsohon littafi mai baƙin bango, inda take rubuta wanda ya tafi da wanda ya riƙe masa kujera, shekara da shekara. Ta buɗe shafin ta tura mata. "Usaininki mai shekara tara, watansa uku. Ga sauran goma sha shidan."

Mubina ta daɗe tana bin layukan da yatsa. Da ta ɗago, muryarta ta yi ƙasa. "Kin san sau nawa aka ambaci maƙalar nan? Ɗari uku da goma sha biyu. Duk abin da na zama a kanta yake."

"To sau ɗari uku da goma sha biyu aka yabi ƙafar Uba. Ita ma ga ta nan ta fara mutuwa."

"Ke kika kira sunayen! Ke kika ba ni su!"

"Ni ce. Ki rubuta hakan da sunana cikakke, ba na jin tsoro. Sunayensu ne ba za ki taɓa ba."

"Manaja zai kore ki."

"Ya daɗe bai kora ba. In ba ki gyara ba, ni zan aika wa mujallar. Turancina ba ya da kyau, amma za su gane goma sha bakwai cikin arba'in."

Mubina ta tattara wayoyinta ta fita ko sallama babu. Washegari manaja ya aiko a tambayi dalilin da ya sa baƙuwa ta tafi ba ta auna kowa ba. Atika ta ce a gaya masa ya tambayi baƙuwar. Kafin azahar aka karɓe mukullin ɗakin maganin daga hannunta, aka ce ta zauna gida sai an neme ta. Ta saka baƙin littafinta a jaka ta wuce ta gaban mai gadi tana yi masa sai gobe, kamar kullum.

Kwana huɗu ba ta ji komai ba. Har ta sayi takarda ta fara rubuta wasiƙar da za ta aika wa mujallar. Ranar Asabar da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gidansu, Mubina ce da kanta take tuƙi, na'urar tana kujerar baya an ɗaure ta da bel.

"Ƙauyen su Usaini yana da nisa?"

"Bayan Ringim. Mutum tara cikin goma sha bakwan duk a yankin suke."

Atika ta shiga ta ja ƙofa. Sai da suka ɗauki hanyar Haɗeja sannan Mubina ta yi magana, idonta a kan titi.

"Na yi tunani sosai. Ba wanda ya taɓa bin ma'aikatan da suka koma ƙauye ya auna su. In na janye waccan maƙalar na fitar da wannan, sai an fi ambatona."

Atika ta dube ta, ta ga ko kunya ba ta ji ba, sai dariya ta kusa ƙwace mata. Ba don Usaini ta zo ba ke nan. To, ita ma ai ba don Usaini ta yi shiru shekara shida ba.

"Su ambace ki har bakinsu ya bushe," ta ce. "Amma kwafi na farko ni zan kai wa manaja da hannuna. Rage gudu, akwai rami a gaba, kada ki fasa mana na'ura."