Rahinatu da Ƙirjin Surukinta

Rahinatu ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin Danchadi, mace mai saurin ƙafa da saurin baki. Duk ranar awo sai ta tsare mata da karatunta: in mutum ya yanke jiki ya faɗi, a girgiza shi, a kira sunansa. In bai amsa ba, kuma ba ya numfashi ko sai gurnani jefi-jefi, a tura wani neman mota. A kwantar da shi rigingine a ƙasa, a ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirjinsa, a yi ta dannawa da ƙarfi da sauri, ba tsayawa. Ni maƙwabciyarta har na haddace, don ko ta katanga ba ta ƙyale ni ba.

Mutum ɗaya ke kulle bakin nan, surukinta Malam Sodangi. Ba ta faɗin sunansa, ba ta cin abinci a gabansa, daga nesa take durƙusawa ta gaishe shi.

Ranar da ake ɗura albasa a buhu a tsakar gidansu, tsohon ya dafe ƙirji ya zube. Salati na ji, na shiga. Maza sun yi masa rumfa, wannan na sheƙa masa ruwa, wancan na tura masa yankakkiyar albasa a hanci. Rahinatu ta leƙa, ta ga ƙirjin ba ya motsi, ta ce wa mijinta, "Nafi'u, danna ƙirjinai, da ƙarhi."

Nafi'u ya ɗora hannu yana bubbugawa kamar mai lallashin jariri. Ubansa ne, ya kasa. Sai ta ajiye kunya, ta durƙusa ta fara dannawa da kanta.

Baffa Yakubu, ƙanin tsohon, ya daka mata tsawa. "Ke ɗiyag ga, mi kika yi haka? Surukinki na hwa. Ku ɗauke ta."

Aka janye ta tana roƙo, aka koma fifita. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, mai sani tana tsaye riƙe a hannun mutane, lokaci na tafiya. Sai da Inna Tani, matar tsohon, ta ce a sake ta, sannan Rahinatu ta koma kansa. Ta yi ta dannawa har keken haya mai ƙafa uku da aka aika nema ya iso, amma kafin su kai asibitin Bodinga rai ya yi halinsa.

A zaman makoki ana ta ƙus-ƙus wai Rahinatu ta hau ƙirjin suruki. Inna Tani ta jawo ta gefe, a gabana.

"Ɗiyata, gaya min gaskiya. Da an bar ki tun hwarko, da ya tashi?"

Rahinatu ta amsa a hankali.

"Allah ɗai ya sani, Inna. Amma da ba ki yi min wagga tambaya ba."