Gidanmu a Hoto Goma Sha Biyu

Ni ne ɗan fari a gidanmu, shi ya sa tunda na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kira sunana ba. In zai aike ni, ƙanwata yake gaya wa, ina tsaye a wurin. In muka yi kiciɓis a zaure, shi ya dubi bango, ni in dubi ƙasa. Kunyar ɗan fari ce, haka muka tarar ana yi, kuma a da ba ta dame ni ba. Yanzu kam haushinta nake ji.

Ɗaukar hoto ce sana'ata a Sabon Birni: biki, suna, fasfo. Wata shekara wani ɗan kasuwa mai zuwa Maraɗi ya kawo mini ƙafar kyamara mai kai mai juyawa. Ka ɗauka, ka juya kaɗan, ta ce ƙas ta tsaya, ka sake ɗauka, har ka zagayo inda ka faro. Daga nan manhajar kwamfuta ta ɗinke hotunan su zama guda ɗaya mai tsawo. Na yi ta hura wa abokan sana'a hanci da ita kamar ni na ƙera ta.

Da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyenmu, can wajen Burkusuma, aka yanke shawarar tashi. Ana gobe za a kwashe kaya na hau babur da kayan aikina, na ce gidan na zo ɗauka. Gaskiyar magana Baba nake so. Bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba, ni kuma ba ni da bakin cewa ya tsaya mini. Dabarata ita ce in na zagaye tsakar gida duka, dole ya faɗo ciki.

Na kafa ƙafar da hantsi. Baba ya fito, ya ce da ƙanwata, "Ce mishi ya ɗauko rijiyag ga da kyau, kakanai yag gina ta."

Na fara daga zaure. Duk sanda bakin kyamara ya kusa iso shi, sai ya matsa gaba taki biyu, wai zai gyara igiyar akuya, wai zai kau da buta. Ba kyamarar yake gudu ba, idona da ke bayanta yake kauce wa. Haka muka zagaye gidan, ina bin sa yana zamewa. Duk da haka na kama shi a gefen hotuna da yawa: nan kafaɗa, nan ƙeya, a guda biyu ma rabin fuskarsa.

Da na koma shago na sa katin kyamarar a kwamfuta. Manhajar tana da wurin da ake dannawa ta share duk abin da ya motsa, don kada akuya ta fito da kai biyu. Ni da hannuna na danna, saboda kajin Inna. Na duba ɗinkin, katanga ta haɗu da katanga ba ko tabo, na yaba wa kaina. Washegari ina da biki a Isa, katin kuma ya cika, sai na goge hotuna goma sha biyun da na ɗauka a gidan. Ban ko tsaya neman Baba a cikin dogon hoton ba, don na ɗauka yana nan.

Baba bai ga ƙarshen daminar shekarar ba. Ya rasu a ɗakin da wani ɗan'uwa ya ba su a cikin gari, gidan kuwa an ƙone shi bayan tashinsu. Bayan sadakar arba'in na wanke hoton, tsawonsa ya kai kamu uku, na kai wa Inna.

Ta shimfiɗa shi a tabarma, ta bi shi da yatsa tun daga zaure. Ga rumbuna, ga turken akuya, ga buta inda ya ajiye ta. Ta kai ƙarshe, ta dawo farko, ta sake bi a hankali. A bakin rijiya yatsanta ya tsaya. Inuwar mutum ce kwance a ƙasa, har da hula, babu mai ita.

Ta daɗe a wurin. Ina durƙushe gabanta, ina jira ko yau ɗaya ta dube ni ta zage ni. Sai ta juya wajen ƙanwata.

"Ce mishi hoton ya yi kyau," in ji ta.